Ina so in saki ɗakin haya in koma zama a cikin bas, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni mazaunin Samaru ne a Zariya, sana'ata haɗa wutar sola, ban yi aure ba tukuna. Aikin nan ya mai da ni ɗan hanya: yau Funtuwa, gobe Kano, jibi a kira ni Saminaka ko Jos. Kwanan da nake yi a waje ya fi wanda nake yi a ɗakina, duk inda na je sai na biya masauki, ga mai gida ya ce zai ƙara haya idan shekara ta cika.

Abin da ke raina shi ne in saki ɗakin, in sayi bas da ɗan abin da na tara, in cire kujeru, in yi gado da wurin kayan aiki, in ɗora sola a sama, ta zama ita ce gidana. Na ga yadda ake yi a Amurka da Turai, mutum shi kaɗai yana zaune a motarsa shekara da shekaru. Batun wuta ba ya damuna, aikina ne. Abin da ban sani ba: wace mota ta dace, yaya zan yi da ruwa da banɗaki, ina zan riƙa kwana, kuma yaya za mu ƙare da jami'an hanya? Mahaifiyata tana Tudun Jukun, ban faɗa mata ba har yanzu. Don Allah wanda ya san wani abu ya taimaka.

Makanike, Kwangila:
Wa alaikumus salam. Idan za ka yi, ka nemi Toyota Hiace mai dogon rufi. Dalilina ɗaya ne: duk garin da ta lalace maka akwai wanda ya san injinta, kayan gyaranta kuma ba sai an aika Legas ba. Bas ɗin Marsandi Sprinter ta fi ta sarari, mutum yana miƙewa tsaye a ciki, a Hiace kuwa sai ka sunkuya. Amma ranar da lantarkin Sprinter ya rikice maka a ƙauye, sai dai a ɗauko mai kwamfuta daga birni. Kada ka biya kuɗi sai makanikenka ya shiga ƙarƙashinta ya duba tsatsa, ya saurari giya, ya ga ko tana zafi. Sannan ka kula da nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, jarka huɗu masu lita 25 kilo 100 ke nan, ban da batir da katako da kayan aikinka. Ka sa masu nauyi a ƙasa, tsakanin tayoyi, ka ɗaure komai da ƙusa, don duk abin da ba a ɗaure ba zai taho kanka ranar da ka taka birki da ƙarfi.

Tsohon ɗalibin ABU, daga Amurka:
Ɗan'uwa, ni ina ganin masu wannan rayuwa da idona, kuma abin da ba ya fitowa a bidiyo shi ne tanadin da ƙasar ta yi musu. Akwai filayen sauka da ake biya, inda za ka jona wuta da ruwa, da ramin da ake juye ƙazantar banɗakin mota. A jihohin yamma akwai filayen gwamnatin tarayya da ake yarda mutum ya yada zango kyauta, galibi har kwana 14. Garin Quartzsite a Arizona duk lokacin sanyi cika yake yi da irin waɗannan motoci. Mu babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kuma ba kowa ne ya zaɓi zaman don sha'awa ba, da yawa tsadar haya ce ta fitar da su daga gida. Ban ce kada ka yi ba, amma ka gina shirinka a kan hanyoyin Arewa, ba na Arizona ba.

Direban tirela, Ɗan Magaji:
Ƙanena, ni a mota na yi rabin rayuwata, don haka ka saurare ni. Gado da fanka duk ƙananan abubuwa ne. Babbar tambayarka ita ce ta uku, ina za ka kwana. Mu da kake gani muna kwana a Mararrabar Jos ko Tafa, ba mu kaɗai muke kwana ba. Motoci ne jere, da yaran mota, da mai shayi da bai rufe ba, da mai gadi da ake ba shi na goro. Kai kuwa kai kaɗai ne, a farar bas, da farantan sola suna walƙiya a sama, da kayan aiki masu tsada a ciki. Kowa ya san halin da hanyar Birnin Gwari da yankin Giwa da wasu sassan Katsina da Zamfara suka shiga. Batun ka samu gefen daji mai kyau ka kwana, ka cire shi daga zuciyarka gaba ɗaya.

Kuma ba ɓarayi kaɗai ba. Baƙuwar mota mai labule ta kwana biyu a unguwa ba a san mai ita ba, 'yan sintiri za su ƙwanƙwasa maka, kuma suna da gaskiya. A wannan zamani zargi kaɗai ya isa ya jawo wa mutum abin da ba a fata. To ga yadda za ka yi. Ka isa gari kafin magariba. Ka nemi wuri mai katanga da mai gadi: gidan mai, ko harabar wanda kake yi wa aiki, wannan ma ya fi. Ka sa shi cikin cinikin tun farko, ka ce zan kwana a motata a cikin gidanka har in gama. Idan ƙauye ne, ka je ka gai da mai unguwa, ka yi sallar isha'i a masallacinsu su ga fuskarka. Ka juya kan motar ya kalli ƙofar fita, makulli kusa da hannunka, kujerar direba babu kaya a kai. Kullum da dare wani naka ya san garin da kake.

Jami'an hanya kuma, takardunka su cika: lasisi, inshora, takardar lafiyar mota, abin kashe gobara. Ka je ofishin VIO ka faɗa musu sauyin da za ka yi kafin ka cire kujera ɗaya. Kada ka sa baƙin gilashi, labule ya ishe ka. Rasit na batir da inbata da duk kayan aiki su zauna a jaka ɗaya, don a shingen bincike za a ce ka buɗe, kuma za a tambaya.

Ma'aikaciyar jinya, Shika:
Malam, roƙona ɗaya: kada ka taɓa kunna janareta, ko gawayi, ko gas a cikin motar a rufe. Iskar da ke kashe mutane a irin wannan hali ba ta da wari ba ta da launi, barci kawai mutum zai yi ya wuce. Lokacin hunturu ne mutane suka fi faɗawa, don suna neman ɗumi. Ka yi girki a waje, ko ƙofa a buɗe. Ka kuma tuna zafin Maris da Afrilu, mota a rana tanda ce. Ka sa raga a tagogi, ka rataya gidan sauro. Zazzaɓi ya kwantar da kai kai kaɗai a garin da ba ka san kowa ba, shi ne abin da ya fi tsorata ni.

Ɗan kasuwa, Sabon Gari:
Ni dai ina goyon baya. Kuɗin masauki da na haya idan aka haɗa ba ƙarami ba ne, kuma motar za ta yi masa talla duk inda ya tsaya. Ba za ka iya sa AC ba ne?

Mai tambaya:
Na lissafa, ba zai yiwu ba. Ƙaramar AC tana jan wat 700 zuwa 900. Rufin bas da ƙyar ya ɗauki faranti biyu masu wat 400, a rana mai kyau su ba ni kamar kilowat-awa 4, AC kuwa a dare ɗaya za ta cinye fiye da haka. Fanka mai zuƙo iska a rufi, da soso tsakanin ƙarfe da sili, da ƙaramin firji, su ne iyakata.

Hajiya, Tudun Wada:
Ɗana, kowa ya yi maganar mota, ni maganar mahaifiyarka zan yi. Ka ce ba ka faɗa mata ba. Ka je yau ka zauna gabanta ka faɗa mata, kada ta ji a bakin mutane cewa ɗanta a mota yake kwana. Ka san yadda za a ɗauki maganar a garin nan, za a ce abu ya lalace masa. Gobe idan ka je neman aure, tambayar farko ita ce ina yake zaune, su waye maƙwabtansa. Wa zai shaide ka? Idan haya ce ta yi nauyi, ka nemi ɗan ɗaki a gidanku ko gidan wani ɗan'uwa, ka aje akwatinka, ka zama kana da ƙofar da za a yi maka sallama. Motar ta zama ta tafiya. Allah ya yi maka albarka.

Malamin Islamiyya, Gyallesu:
Amin. Ƙari a kan maganar Hajiya: a mazhabar Malikiyya ana ƙasaru ne a tafiyar mil 48, kuma wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu a gari zai cika salla. Ka zauna da malami ya warware maka yadda hukuncin zai kasance a irin zamanka. Ka kuma tanadi yadda za ka kiyaye tsarki a wuri ƙanƙane haka.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, in sha Allah ranar Juma'a zan je wurin mahaifiyata. Na karɓi shawarar riƙe ɗaki a gida, kuma zan fara da katifa da sola kawai, in gwada zuwa ƙarshen damina kafin in kira kafinta. Saura batun banɗaki da wanka, ba wanda ya taɓa shi. Baba direba, ku yaya kuke yi?

Direban tirela, Ɗan Magaji:
Gidan wanka. Kusan kowace tasha da babbar kasuwa akwai, ka biya kaɗan ka yi wanka ka kama ruwa. Kada ka gina banɗaki a cikin bas, a zafin nan wari zai kore ka, kuma ba ka da inda za ka juye. Ka aje bokiti mai murfi don larurar tsakar dare, da asuba ka kai shi masai, ba kwata ba. Jarka biyu na sha da alwala sun ishe ka, kana cika su duk inda ka samu famfo mai kyau. Idan ka sayi motar ka kawo ta Ɗan Magaji in hau in ji birkinta.