Musayar Waƙa Kan Yaƙin Banokban

Baba Mai Alƙalami:
Ku matso in ba ku na Banokban,
Filin da Ingila ta sha kashi a hannun Sukotawa, mutanen Sukotlan.
Cikin watan Yunin 1314,
Edwad na Biyu, sarkin Ingila, ya yi shirin tashi,
Zai ceci ganuwar Sitalin,
Da Sukotawa suka hana wa numfashi.
Ya zo da dawaki da 'yan baka,
Robat Burus, sarkin Sukotawa, na jiransa da mashi.
Wa zai karɓa?

Ɗan Autan Mawaƙa:
Na karɓa Baba, Allah ja kwana.
Henri di Bohun, barden Ingila, ya hangi Burus
Bisa ɗan ƙuru, ba shi da tsari,
Ya zaburo doki, mashi a gaba,
Sarki ya goce wa hatsari,
Ya miƙe tsaye a kan likkafa,
Ya tsaga masa kai da gatari.
Ƙota ta karye a hannunsa,
Maza na shewa har wayewar gari!

Inna Mai Zube:
Ɗana, sassauta zuga, ban da gardama,
Gatari guda bai ture rundunar sarki.
Edwad ne ya kwana cikin fadama,
Ruwa ya tsare shi hagu da dama,
Dawaki sun cushe ba filin sukuwa,
'Yan baka na baya, sun rasa makama.
A Folkak, 1298, kibiyar ubansa
Ta watsa Walas, jagoran Sukotawa, ɗan bai gaji hikima.

Ɗan Autan Mawaƙa:
Inna, a yi haƙuri, ki ba ni gaskiya,
Wa ya ga ɓarakar tun da asubahi?
Burus bai tsaya jiran farmaki ba,
Ya turo masu mashi, dunƙule kamar bushiya.
Mai Gulosta, hakimin Edwad, ya kutsa, can ya kwanta,
Mahayan Robat Kit, barden Burus, suka kori masu kibiya.

Baba Mai Alƙalami:
Kowanenku ya riƙo gefe guda.
Edwad ya sheƙa sai Dunba,
Jirgin ruwa ya kai shi Barik.
Matar Burus, shekara takwas a tsare,
Da fursunan yaƙi aka fanso ta.
Amma Ingila ba ta sa hannu ba,
Sai 1328 ta yarda da sarautar Burus.

Inna Mai Zube:
To Baba, gobe a buɗe na Fulodin,
1513, ranar da reshe ya juya.
Sarkin Sukotawa Jemis na Huɗu a filin ya faɗi,
Ɗan Auta, tanadi ƙyallen share hawaye!