Me ya sa umarnan df da du na Linux suka saɓa a kan wurin da aka cinye a faifai?

Nura:
Assalamu alaikum. Ina kula da wata kwamfuta mai Ubuntu (wani nau'in Linux) wadda ke ɗauke da shafin intanet, kuma tsarin faifanta (yadda ake adana fayiloli a kansa) ext4 ne. Umarnin df -h yana nuna girman ɓangaren 98G ne, an cinye 91G, saura 2G, alhali kuwa sudo du -shx / yana ba ni 54G kacal. Ina sauran 37G suka shiga, kuma me ya sa 91 da 2 ba su cika 98 ba? Kwanan nan na goge wani ƙaton fayil na log (inda manhaja ke rubuta bayanan ayyukanta), amma lissafin df ko gezau bai yi ba.

Malam Habibu:
Wa alaikumus salam, Malam Nura. Umarnan biyu ba abu ɗaya suke ƙirgawa ba. Shi du yana bin folda-folda ne yana tara girman fayilolin da ya tarar da sunayensu, shi kuwa df tsarin faifan yake tambaya kai tsaye nawa aka kama, nawa ya rage. A Linux, idan ka goge fayil alhali wata manhaja tana riƙe da shi a buɗe, sunansa kawai ka cire. Abin da ke cikinsa yana nan daram har sai manhajar ta sake shi, kuma za ta ci gaba da rubutu a ciki ba tare da du ya gani ba. Ina kyautata zaton abin da ya same ka ke nan. Ka ba da umarnin sudo lsof +L1, zai jero maka irin waɗannan fayiloli da girmansu da manhajar da ke riƙe da kowanne.

Hajiya Rabi:
Game da tambayarka ta biyu, ext4 yakan keɓe kashi 5 cikin ɗari na ɓangaren domin root, wato asusun babban mai kula da kwamfutar, saboda kada kwamfuta ta tsaya cik idan masu amfani suka cika faifai. Su ne 5G ɗin da ba ka gani. Ana iya rage su da umarnin tune2fs -m, sai dai ban ba ka shawarar taɓa su a ɓangaren da Ubuntu kansa yake zaune ba. Idan lsof bai nuna komai ba, ka duba ko akwai fayilolin da aka zuba a wata folda kafin a ɗora wani faifai a kanta, domin su ma du ba ya ganinsu.

Nura:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. lsof ya nuna nginx, manhajar da ke tafiyar da shafin, na riƙe da tsohon fayil ɗin log ɗin, wato access.log, mai kusan 36G. Da na sake tayar da nginx, df ya sauko zuwa 55G.

Malam Habibu:
Madalla. Nan gaba, maimakon goge fayil da umarnin rm, ka zubar da cikin fayil ɗin da truncate -s 0, sannan ka tabbatar logrotate, wanda ke sauya fayilolin log kafin su yi girma sosai, yana aiki a kan /var/log/nginx.