Opera ɗin Cardillac: ina tsohuwar nan ta shiga?

Ɗan Maƙera:
Salamu alaikum. Ina karatu a Jamus, malamarmu ta Jamusanci ta sa mu karanta gajeren labarin E.T.A. Hoffmann na 1819, "Das Fräulein von Scuderi". Wani maƙerin zinariya ne a Faris, zamanin Sarki Louis na 14, sunansa Cardillac. In ya sayar maka da sarƙa, sai ya bi ka cikin dare ya soke ka da wuƙa ya ƙwace abarsa. Jiya na kalli opera ɗin (wasan kwaikwayo na waƙa) da mai tsara kiɗa Paul Hindemith ya gina a kansa. To, tsohuwar marubuciyar nan mai shekara 73, wato ita Scuderi, wadda ta wanke yaron shagonsa Olivier daga zargi, ko ƙeyarta ban gani ba. Cire ta aka yi ko ni ne na yi gyangyaɗi?

Malam Mai Goge:
Wa alaikumus salam. Ba ka yi barci ba, ɗana. Ferdinand Lion da ya rubuta kalmomin ne ya fitar da ita gaba ɗaya. A sigar da aka fara nunawa a Dresden ranar 9 ga Nuwamba 1926, Cardillac kaɗai ke da suna. Saura sai dai "'yarsa", "hafsa", "ɗan kasuwar zinariya". Mutuwarsa ma an sauya ta. A littafin, wani hafsa mai sulke a ƙarƙashin riga ne ya kashe shi. A wasan, shi ya tona kansa gaban jama'a, suka rufe shi da duka.

Yaya Binta:
Duba wace siga ka kalla, ƙanena. Hindemith ya sake rubuta shi aka nuna a Zurich a 1952, har ya cusa wani yanki na opera ɗin Lully, mai tsara kiɗa na zamanin Louis na 14, a ciki. Ni dai ta 1926 na fi so, ba ta jan ƙafa.

Ɗan Maƙera:
Ta 1926 ce, na duba. Na gode, Malam. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne inda hafsan ya zo neman auren 'yar, Cardillac ya ba shi ita ba gardama, amma da ya taɓa sarƙa sai ido ya juye. Kakana maƙerin fari ne a Kano. Akwai warwaron azurfa da ya ƙera, mai shi ta yi ta sintiri wata uku, kullum "bai gama bushewa ba, Hajiya". Azurfa fa! Ƙarshe kuɗinta ya mayar mata. Warwaron na akwatin innata har yau.