Tambaya kan jerin Pinan da Heian a wasan karate: a ina Otsuka ya samo nasa?

Assalamu alaikum malamai. Ina tsara silsilar kata biyar na Pinan (kata tsararrun motsi ne da ake haddacewa a karate), amma na cije a wuri ɗaya.

Abin da ya tabbata: Itosu Anko ne ya tsara su a Okinawa a farkon ƙarni na 20 domin ɗaliban makaranta. Almajirinsa Funakoshi Gichin ya je Tokiyo a 1922, daga baya ya sauya sunan zuwa Heian, ya kuma musanya na ɗaya da na biyu. Shi ya sa Heian Shodan (na ɗaya) na Shotokan, salon Funakoshi, mai motsi 21, shi ne Pinan Nidan (na biyu) a salon Shito-ryu na Mabuni Kenwa. Har buɗewar ta bambanta. Shotokan na juyawa hagu da gedan barai (karewa ta ƙasa) a doguwar tsayuwar zenkutsu, Shito-ryu kuwa na sauko da dunƙulen hannu kamar guduma a tsayuwar neko ashi, nauyi a ƙafar baya.

Ga inda gizo ke saƙar. Otsuka Hironori, wanda ya kafa salon Wado-ryu, ya zama ɗalibin Funakoshi a 1922, amma Wado na riƙe da sunan Pinan da tsohon jerin, kuma buɗewarta ta fi kusa da ta Shito-ryu. Shin ya koyi waɗannan kata ne kafin Funakoshi ya yi sauyin, ko kuwa a hannun Mabuni ya gyara su, tunda da shi ma ya yi horo? Amsar ce za ta nuna ƙarƙashin wa zan sa Pinan na Wado.

Don Allah mai hujja a rubuce kan shekarar da aka musanya Shodan da Nidan ya taimaka. Ruwayar baka kaɗai ba za ta warware wannan ba.