Neman shawara: yaya ake gane ma'anar kalmar Turanci mai wuya daga jimlar da ta zo a ciki?

Ɗalibar Digiri Na Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina karatun digiri na biyu a fannin tattalin arzikin noma, kuma kusan duk abin da ake ba mu mu karanta muƙaloli ne na mujallun bincike da aka rubuta da Turanci. Turancin hira da na jarida ba ya ba ni wahala, amma idan na zauna da muƙala mai shafi 15, nakan tsaya a kowane sakin layi in duba ƙamus a waya, har kafin in kai ƙarshen shafi na manta abin da marubucin ya faro da shi. Na cika littafin rubutu guda da kalmomi da ma'anoninsu, sai dai bayan mako biyu idan na sake cin karo da kalma, fuskarta kawai nake shaidawa, ma'anar ta riga ta gudu.

Wata malamarmu ta ce in rage buɗe ƙamus, in riƙa kintatar ma'ana daga abin da ke kewaye da kalmar. Na gwada, sai ya jawo mini kuskure a gaban aji. Jimlar ita ce "the subsidy exacerbated the problem", ni kuwa na bayyana cewa tallafin ya sassauta matsalar, alhali marubucin cewa yake yi ya ƙara dagula ta. Don Allah, shin wannan hanya abin dogaro ce? Idan kuwa ba ita ba ce, ta ina mutum zai ɓullo wa tara kalmomi masu zurfi har su zauna masa?

Tsohon Malamin Turanci ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Shawarar malamarki daidai ce, amma akwai sharaɗin da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba, shi ne cewa ba a kintatar baƙuwar kalma sai idan maƙwabtanta sanannu ne. Masana koyon harshe sun auna wannan. Paul Nation na Jami'ar Victoria da ke Wellington a ƙasar New Zealand ya nuna cewa mai karatu yana bukatar sanin kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin rubutu kafin ya fahimce shi ba tare da taimako ba, wato baƙuwar kalma ɗaya cikin kowace 50. A bincikensa na 2006 ya ƙiyasta cewa kaiwa wannan matsayi a littattafai da jaridu na bukatar dangin kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Dangi a nan yana nufin kalma da duk rassanta, kamar analyse da analysis da analyst. Saboda haka ki ɗauki shafi ɗaya na muƙalar, ki ja layi a ƙarƙashin duk kalmar da ba ki sani ba, ki ƙirga. Idan sun kai biyu ko uku a kowane layi biyu, to ba wayonki ne ya gaza ba, rubutun ne bai bar miki abin dafawa ba tukuna.

Kuskuren da kika yi kuwa ina so ki dube shi da kyau, domin na sha ganin irinsa a takardun ɗalibaina. Ba daga rubutun kika ɗauko ma'anar ba, daga abin da kike tsammani kika ɗauko ta. Kin san tallafi don gyara ake ba da shi, sai zuciyarki ta cike gurbin da "ya gyara". Jimlar ita kaɗai ba ta da wata alama da ke nuna ko matsalar ta ragu ko ta ƙaru, don haka hujjar tana wani wuri, ko kafin jimlar ko bayanta.

Ga yadda nake koya wa yara. Da farko a tantance aikin kalmar a jimla, ko suna ce, ko aikatau, ko sifa, domin wannan kaɗai yana rage yawan abin da za ta iya nufi. Daga nan a nemi ƙananan kalmomin da ke juya akalar magana. Although da whereas da however da unlike suna sanar da cewa kishiya na tafe. Because da consequently suna haɗa dalili da sakamako. Such as kuma misali take jawowa. Ɗauki wannan: "Although his earlier remarks were conciliatory, his latest speech was belligerent." Ko da ba ki san belligerent ba, idan kin san conciliatory tana nufin mai neman sulhu, although ta riga ta gaya miki cewa ta biyun ta karkata ga faɗa da tsokana. Ba ki sami cikakkiyar ma'ana ba, amma kin sami alƙibla, kuma a yawancin karatu alƙiblar ta isa ki ci gaba. Mataki na ƙarshe shi ne ki mayar da abin da kika kintata cikin jimlar, ki karanta sakin layin gaba ɗaya, ki ga ko maganar ta tsaya da ƙafafunta. Wannan shi ne ainihin abin da jarrabawar WAEC take nema idan ta ce a kawo kalmar da za ta maye gurbin wata kamar yadda aka yi amfani da ita a cikin labarin.

Mai Fassara ya amsa:

Allah ya ƙara wa Malam lafiya, ina tare da shi a kan duk abin da ya faɗa, sai dai ina ganin an bar ƙofa ɗaya a rufe, wato duba cikin kalmar kanta. Mu Hausawa muna da gata a nan wanda ba mu cika lura da shi ba. Duk wanda ya san hukunci da hukuma da hakimi da hikima, ko bai taɓa karanta sarfu ba, kunnensa yana jin cewa daga saiwa ɗaya ta Larabci suka fito, haka kuma ilimi da malami. Turancin masu bincike ma haka yake, sai dai nasa saiwoyin daga Latin da Girkanci suke, kuma da yawa sun shigo ne ta hanyar Faransanci bayan da Normaniyawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi a 1066, suka mayar da Faransanci harshen fada da kotu. Shi ya sa abu ɗaya yakan sami suna uku: ask ta gida, question ta tsakiya, interrogate ta ofis da kotu.

Idan 'yar'uwa ta san cewa spect tana nufin kallo, to inspect da spectator da retrospect sun zama 'yan gida ɗaya, kuma circumspect, wato mai duba ko'ina kafin ya taka, ta zama mai taka-tsantsan. Ita ma exacerbate da ta ba ki wahala tana ɗauke da acerbus ta Latin, mai nufin ɗaci ko kaushi, wadda ta haifi acerbic, sifar da ake yi wa magana mai zafi. Abin da ke da ɗaci a cikinsa da wuya ya zama sassauci.

Amma a yi hattara da ɗafa-goshi, wato ɗan guntun da ake liƙawa a farkon kalma kamar in-, domin yana yaudara. Invaluable ba ta nufin marar daraja, tana nufin abin da darajarsa ta wuce a ƙiyasta. Inflammable da flammable ma'anarsu ɗaya, mai saurin kama wuta. Sanction kuwa takan zo da ma'anar amincewa a wata jimla, ta zo da ma'anar takunkumi a wata. A aikina, duk kalmar da hukuncin magana ya rataya a kanta, ko na tabbata na gane ta, sai na duba ƙamus kafin in rubuta. Kintace na tafiyar karatu ne, ba na abin da za a tsaya a gaban aji a faɗa ba.

Ma'aikaciyar Jinya ta amsa:

Ƙanwata, ni ta ɓangaren mantuwar zan yi magana, domin na sha fama da ita lokacin da nake shirin jarrabawar IELTS ta gwada ƙwarewa a Turanci, inda ake ba da dogayen rubutu uku da tambayoyi 40 cikin minti 60, babu ƙamus. Abin da ya taimake ni shi ne jerin kalmomin ilimi da Averil Coxhead ta fitar a 2000, mai ɗauke da dangin kalmomi 570 waɗanda ke yawan fitowa a rubutun jami'a kowane fanni ne, kamar derive da concept da hypothesis. An kasa shi gida goma, an fara da mafi yawan fitowa, kuma ana samunsa kyauta a intanet.

Littafinki kuwa ba shi da laifi, bita ce ta yi ƙaranci. Duk wanda ya yi hadda ya san cewa abin da ba a tilawarsa zubewa yake yi. Ni manhajar Anki na yi amfani da ita, tana dawo mini da kalma bayan kwana ɗaya, sannan bayan 'yan kwanaki, sannan bayan makonni, gwargwadon yadda na riƙe ta. Kuma kada ki rubuta kalma ita kaɗai. Ki kwafo jimlar da kika same ta a ciki, domin ki san abokan tafiyarta: ana cewa mitigate a kan haɗari ko illa, ana cewa alleviate a kan talauci ko raɗaɗi, kuma duk da kusancinsu, kama da wane ba ta wane.

Ɗalibar Digiri Na Biyu ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Malam, na koma kan muƙalar kamar yadda ka ce. Jimlar da ke gabanta ta fara ne da however, wadda ke bayanta kuma tana cewa farashin taki ya ƙara tashi a kasuwa, duk ban lura da su ba a karatun farko. Na kuma ƙirga baƙin kalmomi a shafin, na sami 14 cikin kimanin 500. Tambayata ta ƙarshe ita ce, wane irin ƙamus ya kamata in riƙe, na Turanci zuwa Hausa ko na Turanci zalla?

Tsohon Malamin Turanci ya amsa:

Madalla, 'yata. Baƙin kalmomi goma sha huɗu cikin 500 na nufin sanannun sun ɗan haura kashi 97 cikin 100, wato kina bakin iyakar da muka ambata, kuma jerin da 'yar'uwarki ta faɗa zai cike miki yawancin giɓin. A matakinki ki riƙe ƙamus na Turanci zalla wanda aka yi domin masu koyo, irin na Oxford ko na Longman. Shi na Longman yana bayyana ma'anoni ne da sauƙaƙan kalmomi kimanin 2,000, kuma dukansu biyu suna kawo jimlolin misali, waɗanda su ne za ki fi karantawa a hankali. Na Hausa ki ajiye shi kusa domin lokacin da kike son bayyana wa manomi abin da kika karanta. A muƙala ta gaba ki karanta shafi guda har ƙarshe da fensir a hannu, ki rubuta abin da kika kintata a gefen kowace baƙuwar kalma, sannan ki zaɓi biyar da suka fi maimaituwa ki duba su. Ki dawo ki gaya mana guda nawa kika canka daidai.