Tukunya ɗaya muke ci da maigida, shi yana ramewa ni shiru

Maman Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ina da tambaya. Tun bayan ƙaramar sallah ni da maigida muka daina shan lemon kwalba muka rage tuwon dare, shayi ma ba suga, to shi wallahi tumbin ya faɗa har sai da ya ƙara huda bel ɗinsa, ni kuwa na hau sikeli ko gezau. Kuma fa ya fi ni loma. Meye matsalar?

Abu Safwan:
Wa alaikumus salam Hajiya, ba wata matsala, halitta ce. Namiji ya fi mace tsoka, ita kuma tsoka ko mutum yana kwance tana ƙona abinci, shi ya sa ake ƙiyasta namiji na buƙatar kalori, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa, kamar 2500 a rana mace kuma 2000. Sannan kitsensa a cikin ciki yake taruwa wajen hanji da hanta, irin wannan saurin narkewa gare shi amma shi ne mugun, shi ke jawo ciwon suga da hawan jini. Naku kuwa sinadarin jikin mace da ake kira estirojin ne ke tura shi ƙugu da cinyoyi, ajiya ce saboda goyon ciki da shayarwa, jiki ba ya sakinta ta daɗi.

Anti Bilki:
Gaskiya ne, amma ƙanwata ki faɗa tsakani da Allah, ragowar taliyar yara wa ke cinyewa? hhhh. Ki daina hawa sikeli gab da al'ada, lokacin jiki na riƙe ruwa ga kwaɗayi ya tashi, sai ki ga kamar kin ƙaru alhali ba kitse ba ne. Kuma kar ki ce za ki zauna da yunwa don ki kamo shi, mata masu al'ada sinadarin ayan mai ƙara jini miligiram 18 suke buƙata a rana maza 8 kawai, ki riƙe wake da zogale da hanta kar jiri ya fara ɗibarki. Ni sai da al'ada ta ɗauke min sannan na ga tumbi irin na maza, da can duk a ƙasa yake.

Ɗan Kurmi:
Ku dai duba zirga-zirga ma, shi yana kasuwa ko ofis yana hawa yana sauka.

Maman Hanif:
Malam shara da wanki da goyo ba zirga-zirga ba ne? Anti zancen taliya kuma a bar shi kawai. Zan ari tef wajen tela in riƙa auna ƙugu, na gode.