Me za a yi wa ɗaliban da tsoron kora ya sa suke ɓoye shan giya?

Mai kula da ɗakin kwanan ɗalibai:

Assalamu alaikum. Shekara huɗu ke nan ina kula da ɗakin kwanan ɗalibai maza a jami'ar da nake aiki, kuma abin da ya faru a makon jiya ne ya kawo ni nan. Wajen ƙarfe uku na dare aka buga mini ƙofa, na je na tarar da wani ɗan aji ɗaya kwance rigingine a ƙasa, rigarsa ta jiƙe da amai, numfashinsa yana fita da ƙyar. Abokansa uku sun shafe kusan awa biyu suna yayyafa masa ruwa suna yi masa fifita, domin sun san duk wanda aka kama da giya zai gurfana gaban kwamitin ladabtarwa. Allah ya yi da sauran kwanansa, ya farfaɗo a asibiti. Duk shekara muna tara sababbin ɗalibai mu yi musu lacca a kan illar barasa, doka kuma tana nan da tsaurinta, amma ga inda muka tsinci kanmu. Ina neman shawarar waɗanda suka san wannan aiki.

Mai ba ɗalibai shawara:

Wa alaikumus salam, Malam, sannu da ɗawainiya. Lacca a babban ɗakin taro tana ƙara wa ɗalibi sani, amma da wuya ta canja masa hali, domin babu wanda ya shigo jami'a bai taɓa jin cewa giya tana lalata hanta ba. Abin da yake jansa shi ne zaton cewa kowa yana sha. Tun a 1986 wasu masana biyu a Amurka, Wesley Perkins da Alan Berkowitz, suka nuna cewa ɗalibai suna kambama yawan shan da abokansu suke yi fiye da yadda yake a zahiri, saboda mutum ɗaya da ya bugu yana tangaɗi ya fi mutum ashirin da suke karatu a ɗakunansu jan ido. Idan kuka tambayi ɗalibanku a asirce, ba tare da rubuta suna ba, sannan kuka nuna musu sakamakon, sabon shiga zai gane cewa ƙin sha ba zai mayar da shi saniyar ware ba. Wannan shi kaɗai tasirinsa kaɗan ne, don haka a haɗa shi da zaman gaba da gaba.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana da takardar tambayoyi goma da ake kira AUDIT, wadda ake cikawa cikin 'yan mintoci, kuma maki 8 zuwa sama yana nuna shan ya fara zama haɗari. Akwai kuma shirin BASICS da aka tsara a Jami'ar Washington, wanda zama biyu ne kawai, inda ake nuna wa ɗalibi lissafin abin da yake sha da abin da hakan ya jawo masa a karatu da barci da aljihu, ba tare da tsawa ko gori ba. A zamana da ɗalibai, na lura sun fi buɗe baki idan na ce su ba ni labarin daren ƙarshe da suka sha, fiye da idan na fara da nasiha. Ku kuma sa ido sosai a makonni shida na farkon shekarar farko, lokacin da yaro ya rabu da gida kuma bai riga ya yi abokai ba.

Ma'aikaciyar jinya:

Malam, kwanciyar rigingine da ka ambata ita ta fi tayar mini da hankali, domin wanda ya bugu ya fita hayyacinsa yana iya shaƙewa da amansa ya mutu. Ya kamata kowane ɗalibi, mai sha da marar sha, ya san cewa ana kwantar da irin wannan mutum ne a gefensa, a lanƙwasa gwiwarsa ta sama, a ɗan ɗaga haɓarsa, kuma kada a bar shi shi kaɗai. Yayyafa ruwa ko ɗura masa wani abu ba ya rage maye, domin hanta tana sarrafa kusan giram 10 na barasa ne a awa guda, kuma wadda take cikin ciki tana ci gaba da shiga jini ko bayan ya daina sha. Idan an tashe shi bai tashi ba, ko numfashinsa ya gaza sau takwas a minti ɗaya, ko jikinsa ya yi sanyi leɓɓansa suka canja launi, a kira agaji nan take. Jami'o'i da dama sun kafa ƙa'idar cewa wanda ya kira agaji da wanda aka kira dominsa ba za a kore su ba, sai dai a tura su wurin mai ba da shawara. Jami'ar Cornell ta fara aiki da irin wannan tun 2002.

Wani uba:

Malama, ina girmama iliminki, amma wannan afuwa tana ba ni tsoro. Idan yaro ya san ba za a kore shi ba, me zai hana shi maimaitawa? Ni a ganina an fi buƙatar a rufe ƙofar da giyar take shigowa. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta sa ƙara haraji, da taƙaita wurare da lokutan sayarwa, da hana talla, a sahun gaba na matakan da suka fi tasiri, kuma ita ce ta ce barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019. Jami'ar da take barin kamfanin giya ya ɗauki nauyin bikin ɗalibanta, sannan ta kori yaron da ya sha, ba ta yi wa yaron adalci ba.

Ma'aikaciyar jinya:

Baba, maganarka a kan talla da masu sayarwa gaskiya ce, kuma ba ta ci karo da tawa ba. Afuwar ta daren gaggawa ce kawai, ba ta shafi wanda ya sayar ko ya doki wani ko ya tuƙa mota cikin maye ba, kuma zuwa wurin mai ba da shawara bayanta dole ne.

Mai kula da ɗakin kwanan ɗalibai:

Na gode muku ƙwarai. Yaran nan huɗu za su bayyana gaban kwamiti ranar Alhamis, kuma zan roƙi a ba ni dama in yi magana kafin a yanke hukunci, musamman a kan wanda ya yi ƙarfin halin buga mini ƙofa alhali sauran suna hana shi. Malama mai ba da shawara, don Allah ki bayyana mini yadda ake tattara amsoshin nan a asirce, domin ɗalibaina ba za su yarda da takardar da ta biyo ta hannuna ba.